Mijina ya ce fargabar da nake yi sangarta ce

Anti barka da aiki, don Allah ki ba ni shawara wallahi na gaji. Kusan shekara ke nan haka kawai ina zaune sai gabana ya yanke ya faɗi, zuciyata ta riƙa bugawa kamar za ta fito, hannuna ya yi sanyi ina haɗa gumi, numfashi yana sarƙewa, in ji kamar yau zan mutu. An auna zuciya an ɗebi jini sun ce ƙalau nake, likitan ya ba ni takarda in je in ga likitan ƙwaƙwalwa. Tun ranar mijina ya canja min fuska. Wai sangarta ce, wai me na rasa a gidan nan, wai so nake a ce matarsa ta haukace. Mamarsa kuma cewa take raunin imani ne, ni da nake tashi cikin dare ina addu'a ina kuka! Na taɓa zuwa sau ɗaya a ɓoye, da na ga wata maƙwabciyarmu a layi na ce mata rakiya na yi na juyo gida. Ni dai kalmar sangartar nan ce ke min ciwo Anti, kullum sangarta, ko jiya da abin ya taso ina riƙe da ƙofar banɗaki jikina na rawa ya wuce ni ya ce "an fara". Ya zan yi da shi?

Ƙanwata sannu. Ba na yanke hukunci sai na ji ta bakin kowa, amma namijin da zai ga matarsa na karkarwa ya ce "an fara" bai kyauta ba ko kaɗan.

Sai dai ni inda na tsaya a wasiƙarki shi ne maganar layin ganin likitan nan. Kin kai har ƙofar likita, mijinki ba ya wurin, surukarki ba ta wurin, haɗa ido da maƙwabciya kawai ya mayar da ke gida. Maganarsu ta riga ta shiga ranki, ke ma kina ganin abin kunya ne. Ita maƙwabciyar fa, kin tambayi kanki me ya kawo ta layin?

Abin da ke faruwa da ke, jikinki ne ke shirin gudun haɗarin da babu shi, sinadarin adirenalin ya kwarara, zuciya ta ƙara gudu, yawanci cikin minti 10 abin ya kai ƙarshen ƙarfinsa sannan ya fara lafawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba, mata sun fi yawa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun kulawa. Jama'a ku ji tsoron Allah da bakunanku, mai hawan jini ba ku taɓa ce masa imaninsa ne ya yi rauni ba, kuna tuna masa ya sha maganinsa ne.

Ki ci gaba da addu'arki, ki kuma koma da takardar nan. Akwai zaman tattaunawa da masani zai koya miki gane tunanin da ke hura wutar, da yadda za ki daina gudun wuraren da abin ya taɓa kama ki, don gudun ne ke ƙara masa ƙarfi. In an ɗora ki kan magani kada ki watsar da shi a sati na farko, wasu sai sun kai sati 4 zuwa 6 kafin a ji aikinsu. Ki roƙi mijinki ya raka ki ya ji daga bakin likita, in ya ƙi ki tafi da 'yar'uwarki, kuma ko wa kika gani a layin ki gaishe shi ki zauna.