Yarona amintacce ne, amma dole in sallame shi

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ciniki ya ja baya, haya kuma ta hau, dole in rufe ɗaya daga cikin shagunana biyu. Yaron da ke riƙe da shi ya shekara bakwai tare da ni, ko kwabo bai taɓa ci min ba. Yaya zan sallame shi ba tare da mun ɓata ba?

Amsa: Alhaji, abin da iyayen gida da yawa suke yi idan kunya ta hana su magana shi ne su fara ɗaure fuska, su rage kuɗin abinci, su riƙa tsintar laifi har yaro ya gaji ya tafi da kansa. Kada ka bi wannan hanyar. Sauran yaranka suna kallo, kuma a Kwari magana ba ta kwana.

Ka kira shi gida, ku biyu kawai, ka faɗa masa da bakinka cewa lissafi ne ya ƙi, shi bai yi komai ba. Idan mahaifinsa ko wani babba ne ya kawo maka shi, ka je ka sanar da shi kafin ya ji a bakin wasu.

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce wanda ya yi shekara biyar ko fiye ana ba shi sanarwar wata guda a rubuce, ko a biya shi albashin watan. Yawancin yaran shago ba su da takardar ɗaukar aiki, na sani, amma ka ɗauki wata gudan a matsayin mafi ƙaranci. Da ni ne, wata uku zan ba shi.

Sai maganar jari, wadda ita ce babba. Tsabar kuɗi a hannun mai iyali cefane ne zai cinye su. Tunda kayan shagon da za ka rufe suna nan, ka ware masa wasu turame kyauta, wasu kuma bashi, ya sayar ya kawo. A rubuta wanne ne kyauta, wanne ne bashi, a sa shaida, domin nan ne zumunci ya fi lalacewa. Ka kai shi wurin dilolin da kake sari a hannunsu, ka ce ka tsaya masa. In da hali, ya fara kafin azumi, lokacin da ake neman kayan Sallah.

Kwastomomi kuwa, lambobinsu suna cikin wayarsa, wasu za su bi shi ko ka so ko ka ƙi. Gara ku yi maganar a fili, ku shirya ya riƙa ɗaukar kaya a wurinka yana kai musu.

Kafin ya miƙa makulli, ku zauna da littafin bashi shafi-shafi. Akwai waɗanda ake bi kuɗi da shi kaɗai ya san shagunansu da garuruwansu, sai ya haɗa ka da kowannensu tun yana nan.