Tafiya da yara a jirgin ruwa na kwanaki: amsoshin Likita

Assalamu alaikum. Da dogon hutun makaranta ya matso, tambayoyin da ke zuwa mini daga unguwanninmu na Zango a nan Kumasi sun koma kan tafiya da yara. Wasu iyalai yanzu suna tambaya ne a kan manyan jiragen ruwan shaƙatawa, waɗanda ake kwana goma ko sati biyu a cikinsu, galibi bisa gayyatar 'yan'uwa da ke zaune a Ingila, Jamus ko Amurka. Abu ɗaya nake so kowane uba da uwa su riƙe: a tsakiyar teku asibiti yana da nisa, don haka lafiyar yaro a wannan tafiya tun daga gida ake shirya ta.

TAMBAYA: Likita, yayata da ke Ingila ta biya mana kuɗin jirgin ruwa na kwana 14. Babbar 'yata shekararta shida, amma ina goyon jariri ɗan wata bakwai. Zan iya tafiya da shi? (Wata uwa daga Aboabo)

AMSA: 'Yar'uwata, Allah ya raya su. Ta babbar ba ni da damuwa. Na jaririn kuwa, shawarata ki roƙi yayarki a ɗaga tafiyar har ya cika shekara ɗaya.

Da farko ma, kamfanin zai iya hana shi hawa. Yawancin kamfanonin nan ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata 6 ba, kuma idan jirgin zai ƙetare babban teku ko zai yi kwanaki a jere bai tsaya a gaɓa ba, sai ɗan wata 12. Ki sa a karanta miki wannan sharaɗin kafin ki je neman biza.

Amma ko sun yarda, ɗauko katin awon yaron ki duba. A tsarin rigakafi na Ghana, allurar ƙyanda ta farko da ta zazzaɓin shawara duk a wata 9 ake yin su, ta ƙyanda ta biyu kuma a wata 18. Ɗanki bai samu ko ɗaya ba, garkuwar da ya gada daga jikinki kuma ta soma raguwa. Za ki shigar da shi cikin dubban mutane daga ƙasashe daban-daban, a rufaffen wuri, suna shaƙar iska ɗaya. Ƙyanda na iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Ana iya yi wa jariri allurar ƙyanda ta gaggawa daga wata 6 idan tafiya ta zama dole, sai dai ba ta maye gurbin ta wata 9.

Akwai ɗakin shan magani a jirgin, da likita da nas-nas, amma ba asibitin yara ba ne. Jaririn da numfashinsa ya sarƙe yana bukatar abin da ba su da shi, kuma jirgi mai saukar ungulu ba ya isa sai ana kusa da gaɓa. Katin inshorar lafiya ta Ghana, NHIS, ba ya aiki a can, kuɗin ganin likitan jirgi kuma daga aljihunki ne, don haka inshorar tafiya wadda ta haɗa da kwaso mara lafiya wajibi ce ga duk wanda zai je.

Ke da babbar ku nemi katin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, tunda daga Ghana kuka fito. Yana soma aiki kwana 10 bayan allurar, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har tsawon rai. Masu juna biyu ma su sani: yawancin jiragen ba sa ɗaukar wadda cikinta zai shiga sati 24 a lokacin tafiyar.

TAMBAYA: Ɗana ɗan shekara takwas, in muka hau mota zuwa Accra, kafin Nkawkaw ya amaye duk abin da ya ci. Yaya zai yi da kwana goma a kan ruwa? (Wani uba daga Asawase)

AMSA: Malam, wannan ba zai hana shi tafiya ba. Abin da ke faruwa shi ne can cikin kunne akwai sashen da ke auna motsin jiki. Idan kunne ya ce ana tangaɗi, ido kuma yana kallon bangon ɗaki yana cewa a tsaye ake, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, jiri da tashin zuciya su biyo baya. Yara daga shekara 2 zuwa 12 ne suka fi fama da shi. Manyan jiragen suna da fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage girgiza, kuma jikin yawancin mutane yakan saba cikin kwana biyu zuwa uku.

Ka nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne motsi ya fi sauƙi. In ya ce zuciyarsa na tashi, ƙwace wayar daga hannunsa, fita da shi inda iska ke kaɗawa, ya zuba ido can inda ruwa ya haɗu da sama. Abinci kaɗan-kaɗan, busasshe, kamar biskit ko burodi, ban da mai maiƙo. Shayin citta yana taimakon wasu.

Game da magani, akwai cinnarizine da ake ba yaro daga shekara 5, ana sha awa biyu kafin a tashi. Ka gwada masa a gida tukuna ka ga yadda jikinsa zai karɓa. Filastar hyoscine da ake mannawa a bayan kunne ba ta yaron da bai kai shekara 10 ba ce. Promethazine kuma kada a kuskura a ba ɗan ƙasa da shekara 2, yana iya danne masa numfashi. Ina faɗin wannan da babbar murya domin na san akwai masu saye a kantin magani su ɗura wa jariri don ya yi barci a hanya. Don Allah a daina.

Amai tare da zazzaɓi, ko da gudawa, ko da ciwon kai mai tsanani, wannan ba na girgizar jirgi ba ne. A kai shi wurin likita.

TAMBAYA: An ce ciwon amai da gudawa yakan ɓarke a cikin waɗannan jiragen. Jikokina uku za su tafi da iyayensu, hankalina bai kwanta ba. (Wata Hajiya daga Sabon Zango)

AMSA: Hajiya, abin da kika ji gaskiya ne, kuma Allah ya saka miki da kika tambaya tun da wuri. Ƙwayar cutar da ta fi haddasa shi sunanta norobairos. Kaɗan daga cikinta ya isa ya kwantar da mutum, tana kuma daɗewa a jikin ƙarfen matakala, da maɓallin lif, da cokulan ɗibar abinci da kowa ke taɓawa. Bayan awa 12 zuwa 48 da kamuwa sai amai ya zo ba sallama, gudawa ta biyo, a yi kwana ɗaya zuwa uku ana fama. Babba yakan tashi lafiya. Ƙaramin yaro kuwa ruwan jikinsa ne ke ƙarewa da sauri, a nan haɗarin yake.

Ki gaya wa iyayen cewa ruwan shafa hannu mai barasa, wanda muka saba da shi lokacin korona, ba ya kashe wannan ƙwayar yadda ya kamata. Sabulu da ruwa, daƙiƙa 20, bayan ban-ɗaki da kafin cin abinci, kuma babba ya tsaya a kan yaron har ya gama. Babba ne kuma zai ɗebo wa yara abinci.

A cikin jaka su sa ledojin ORS masu yawa, wato garin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki, da ƙwayar zink. A dama ORS da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar, domin ba duka ba ne girmansu ɗaya. Idan yaro yana amai, a jira minti 10, sannan a riƙa ba shi da cokali, ɗaya bayan ɗaya, kowane minti ɗaya ko biyu. Zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 ga wanda ya wuce wata 6. Mai shan nono ya ci gaba da sha. Flagyl ɗin nan da muke garzayawa mu saya da zarar ciki ya ɓaci ba ya yi wa norobairos komai, maganin tsayar da gudawa kuma ba na ƙananan yara ba ne.

Idan idanun yaro sun faɗa, yana kuka ba hawaye, bakinsa ya bushe, ya wuni bai yi fitsari ba, ko ya yi laushi ya ƙi shan komai, a ɗauke shi zuwa ɗakin likita ko da tsakar dare ne. Kada su ɓoye ciwon don gudun a ce su zauna a ɗaki na kwana ɗaya ko biyu. 'Ya'yan wasu ma suna cikin jirgin.

Sai wani abu da ya shafe mu musamman. Yaron da sauro ya ciza a Kumasi daren tafiya, zazzaɓinsa na iya fitowa bayan sati ɗaya ko fiye, lokacin yana tsakiyar Bahar Rum. Likitan jirgi ya saba ganin mura da ciwon maƙogwaro, maleriya ba lallai ta zo masa a rai ba. Kalmar farko da za su faɗa masa ita ce: daga Ghana muka fito, a gwada maleriya. Kafin su tashi su ga likita a nan, ya ba su abin gwajin gaggawa da maganin da ya dace da nauyin kowane yaro.

TAMBAYA: 'Yata tana da sikila, SS, shekararta 10. Ƙanina ya gayyace mu tafiyar jirgin ruwa daga Dubai. Ta ƙwallafa rai, ni kuma tsoro nake ji. (Wata uwa daga Tafo)

AMSA: 'Yar'uwata, tsoronki yana kan hanya, amma ba na so sikila ta zama dalilin hana yarinya ganin duniya. Kusan jarirai biyu cikin kowane ɗari da ake haifa a Ghana suna da wannan ciwo, kuma a nan Kumasi aka fara gwajin jarirai tun 1995. Asibitin Komfo Anokye na da sashen masu sikila da ya daɗe yana wannan aiki. Ki kai ta can, ko wurin likitan da ke bibiyarta, aƙalla wata guda kafin tafiya. A auna jininta, ya rubuta miki takarda da Turanci mai nuna nau'in sikilarta, yawan jinin da ta saba zama da shi, rukunin jininta da magungunan da take sha. Idan ta kwanta asibiti kwanan nan da ciwon ƙirji, ko an yi mata ƙarin jini, zai iya cewa a dakata. In ya faɗi haka, ki bi.

Abubuwan da ke tayar da ciwon duk suna cikin wannan tafiya: sa'o'i a jirgin sama, zafin Dubai da ke ƙone ruwan jiki, sannan sanyin na'ura a cikin jirgin ruwa. Fita daga rana a faɗa cikin ruwan wanka mai sanyi yana iya kawo ciwon ƙashi a daren. Ta riƙa yawo da gorar ruwa da rigar sanyi. In za ta shiga ruwa, ya zama mai ɗumi, na ɗan lokaci, ki tsaya da tawul a hannu.

Magungunanta, folik asid da hydroxyurea in tana sha, su kasance a jakar hannunki cikin kwalayensu, da ƙarin na sati guda. Dokar Daular Larabawa, inda Dubai take, tana da tsauri a kan irin su tramadol da kodin, kada ki shiga da su ba takardar likita da izinin da suke nema.

Ki zaɓi tafiyar da jirgi ke tsayawa a gari kusan kullum, domin ba a ajiye jinin ƙari a jirgi yadda asibiti ke yi. Ki bayyana wa kamfanin inshora ciwonta, in kin ɓoye ba za su biya ba. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ciwon ƙirji, haki, ɗashewar tafin hannu da ido, kumburin ciki ta hagu, ko raunin hannu ko ƙafa: babu jiran wayewar gari.

TAMBAYA: Likita, mu namu jirgin ruwan shi ne na Yeji. Duk hutu nakan kai yara Salaga wurin kakanninsu. Mu ma akwai abin da za mu kula da shi? (Wani Alhaji daga Alabar)

AMSA: Alhaji, akwai, kuma tambayarka ta fi shafar yawancin masu karatu. Na san yadda ake isa Yeji a gajiye bayan Mampong, Ejura da Atebubu, a tarar babban jirgin fito zuwa Makango bai shirya tashi ba, masu kwalekwalen inji suna kira. Ka yi haƙuri ka jira babban. Tun da aka gina dam ɗin Akosombo a shekarun 1960 ruwa ya rufe dazuzzuka, kututturan itatuwa suna nan tsaye a ƙarƙashin tafkin Volta, su da lodin da ya wuce kima ne ke kifar da kwalekwale. In dole ta sa, kada ka hau wanda ya cika, ko da yamma, ko hadari ya haɗo. Kowane yaro ya sa rigar ceto daidai jikinsa, a ɗaure ta. Ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga: in ta haura haɓarsa da kunnuwansa, ta yi masa yawa, a cikin ruwa zamewa zai yi daga cikinta.

Yayin jira a bakin ruwa kada ka bar su su shiga wasa, ko da iya ƙauri ne. Tafkin na da ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke huda fata ta shiga jiki. Bayan makonni ko watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Wasu na ɗaukarsa alamar balaga ga yaro namiji, alhali ciwo ne da ke lalata mafitsara idan ya daɗe. Ka tambayi yaran da suka taɓa wanka a can, domin da yawa kunya ke hana su faɗa. In akwai wanda ya gani, a kai fitsarinsa gwaji. Maganinsa praziquantel ne, ana auna shi da nauyin yaro.