Yawan fitsarin dare da ɗigo bayan tsarki: kansa ce?

Tambaya: Likita, shekaruna 58. Nakan tashi fitsari sau huɗu cikin dare, sai na yi yunƙuri yake fitowa, kuma bayan tsarki ɗigo ya ɓata min wando. Ko kansa ce ta kama ni?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ka lissafa ya fi kama da girman furostet na manyanta. Furostet wata tsoka ce mai girman goro, nauyinta wajen giram 20, tana ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye bututun fitsari, kuma ita ke samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Da namiji ya haura 40 takan soma girma, ta matse bututun. Mafitsara ba ta juye duka, shi ya sa take saurin sake cika.

Wannan girman ba ya rikiɗewa ya zama kansa. Sai dai kansar furostet kan yi shiru a farkonta, kuma ta fi yawa a baƙar fata, don haka alamu kaɗai ba sa raba gardama. Ka je asibiti: likita zai taɓa furostet ɗin da yatsa ta dubura (minti ɗaya ne, kada kunya ta hana ka), a yi gwajin jini na PSA (wani sinadari da furostet ke fitarwa, wanda kan ƙaru idan tana da matsala), a duba fitsari da suga, domin ciwon suga ma na tada mutum da dare. PSA sama da 4 ba hukunci ba ne cewa kansa ce. Ciwon sanyi ko robar fitsari na ɗaga shi.

Magani iri biyu ne. Tamsulosin 0.4mg yana sassauta bututun cikin kwanaki, amma yakan sa jiri. Finasteride 5mg yana rage girman, sai dai yana ɗaukar wata 6, kuma yana rage sakamakon PSA da rabi, don haka ka sanar da mai gwajin. Idan suka gaza, akan kankare furostet ɗin ta cikin bututun ba tare da tsaga ciki ba.

Batun ɗigo kuwa, bayan ka gama ka danna bayan maraina da yatsa, ka tatso gaba sau uku kafin tsarki. Ka rage ruwa da shayi bayan magariba. Ka guji maganin mura na kemis, yana iya ɗaure fitsari gaba ɗaya. Idan fitsari ya tsaya cak, ko ka ga jini, ko zazzaɓi ya biyo, a tafi asibiti nan take, domin fitsarin da ya taru yana lalata ƙoda.