Dalilin da ya sa Tokyo ba ta zaɓen gwamna tare da sauran jihohin Japan

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa Tokyo ta zaɓi gwamna a Yulin 2024, alhali zaɓen gama-gari na gwamnoni, magadan gari da majalisu an yi shi a Afrilun 2023. Murabus ne ya jawo haka. A Japan idan gwamna ya sauka ko ya rasu, sabon zaɓe ake shiryawa, wanda ya ci kuma ya fara shekara huɗu nasa daga ranar. Har 2011 Tokyo na cikin sahu. Sai gwamnoninta suka yi ta murabus: Ishihara ya ajiye a 2012, Inose a 2013, Masuzoe a 2016, aka zaɓi Yuriko Koike a watan Yuli, lokacin zaɓen ya zauna a nan. Cikin jihohi 47, tara kacal suka zaɓi gwamna a Afrilun 2023.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma ni ina ganin hikimarsa ƙwarai: wanda ya sauka ya sake cin kujerarsa, ragowar wa'adinsa kawai zai ƙarasa. Na bi zaɓen Osaka na 2019 da idona, inda gwamna Matsui da magajin gari Yoshimura suka yi musayar kujeru, kowa ya samu shekara huɗu cif, tunda ba kujerarsa ya sake ci ba.