Lambun bayan gida a bazara: ajiye irin tumatir ɗin nan tukuna

Wa'alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka tun jiya da daddare sai yanzu na samu zama. In na fahimce ka daidai, cewa kayi akwai ɗan fili a bayan ɗakin Hajiya, kamar taku shida a taku huɗu, rabi siminti rabi ƙasa, ka tara buhuna, ka sayo irin tumatir da latas da karas na fakiti, kana so ka zuba su cikin satin nan saboda masu bidiyon da kake kalla a YouTube sun ce ƙarshen Maris zuwa Afrilu shine lokacin fara lambu, kuma kana tambaya da wanne zaka fara.

Toh ba ko ɗaya a cikin ukun. Samu kwalba mai murfi ka zuba fakitin ciki, ka kai lungun da yafi sanyi a ɗaki, banda kan taga banda saman firij, su jira kaka.

Masu bidiyon nan ba ƙarya suka yi ba, garinsu suke faɗa maka. Mutumin Ingila ko arewacin Amurka a watan Afrilu yanzu yake fitowa daga sanyi, ƙasa ta fara ɗumi, daga nan har wajen Agusta yanayin da tumatir yake so ne. Mu kuma nan Kano Afrilu tsakiyar bazara ce, zafi na taɓa digiri 40 har ya wuce, daren ma ba sauƙi, kai kanka a tsakar gida kake kwana. Shi tumatir da zarar zafin rana ya haura 35 kuma dare bai huce ba, zai yi maka ganye kore shar har ka fara kiran mutane su zo su gani, ya yi fure, furen ya bushe ya kakkaɓe, baka ga ɗa ko ɗaya ba. Latas kuwa miƙewa zai yi ya fitar da kai ya yi ɗaci, karas ma da ƙyar irin zai tsiro a ƙasar da ta ɗau zafi haka. Ka duba mutanen Kadawa da Kura da Garun Malam mana, ruwan dam ɗin Tiga na gabansu ba ruwa suka rasa ba, amma reno suke yi a ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, su yi dashe bayan sati uku zuwa huɗu, tumatir ya yi fure cikin sanyin hunturu, Janairu zuwa Maris kaga kwanduna jibge a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan har ana rasa mai saye. Shi yasa kullum da an shiga Mayu farashi yake tashi a kasuwar Yankaba. Ga kuma tsutsar nan da muke cewa sharon, wadda ke shiga cikin ganye ta ci ta ciki ta bar farin tabo, da zafi take ƙara ƙarfi, a 2016 ta share gonaki a Kano da Kaduna har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci akan tumatir. In ka ji wani yace shi ya samu a wannan lokacin, tambaye shi a ina, sau da yawa zaka ji Jos ne, can tudu ne akwai sanyi.

Abinda ke son wannan zafin shine kayan miyarmu na gida: alayyahu, kuɓewa, lalo, rama, yakuwa, sai zogale a gindin katanga. Ni da zaka ji tawa, alayyahu da kuɓewa kaɗai zaka fara dasu. Alayyahu saboda cikin wata guda zaka kai wa Hajiya na miya, mai koyo kuma yana buƙatar ya ga abu da wuri kafin zuciyarsa ta mutu, kuɓewa kuma saboda itace zata koya maka zagayen lambu kullum ko kana so ko baka so.

Amma kafin iri, ƙasa. Nan ne yawancin yara suke gaggawa, kuma nan ne aikin yake. Ƙasar bayan ɗaki yawanci matacciya ce, an tattake ta shekara da shekaru, akwai ɓaraguzan bulo, akwai leda, wataƙila nan ake zubar da ruwan wanki. Ɗauki magirbi ko diga ka farfasa ta zurfin kamu ɗaya da rabi, ka tsince duwatsu da leda da fasassun kwalabe, sannan ka gwada ta: jiƙa kaɗan ka dunƙula a hannu. In ta dunƙule tana sheƙi tana manne maka a yatsa, laka ce, tana buƙatar yashi da taki. In ta warwatse tun baka buɗe hannu ba, jigawa ce, ruwa zai wuce ta kamar ba a zuba ba, taki take buƙata da yawa. Wadda muke nema itace mai dunƙulewa amma da ka ɗan danna da babban yatsa ta rugurguje.

Maganar taki kuma dan Allah ka saurare ni da kyau. Na san akwai tumaki a gidanku, kuma na san abinda zaka yi, ka share turke yau ka juye a kan shuka gobe. Ɗanyen taki ƙuna yake, musamman kashin kaji, shi yafi kowanne zafi, zai ƙone saiwar tsiron cikin kwana biyu ka ɗauka rana ce, kuma yana jawo gara, ga 'ya'yan ciyawar da dabbar ta ci duk suna ciki da ransu. Tara shi wuri ɗaya a inuwa, ka haɗa da busasshen ganye da sharar tsakar gida wadda ba leda, ka yayyafa ruwa ya jiƙe amma ba ya yi caɓi ba, ka rufe da tsohon buhu, duk sati ka juya da shebur. In ka tura hannu ciki a satin farko zaka ji zafi sosai, to yana aiki kenan. A wannan yanayin wata ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa, alamar ya nuna itace ya yi baƙi, ya huce, warin turke ya tafi sai ƙamshin ƙasa, kuma baka iya gane wannan kashin akuya ne wannan ganye ne. Tunda kai yanzu kake son farawa, nemi tsohon taki wanda ya kwana damina a wurin masu kiwo, naka kuma ya nuna a hankali don tumatir ɗin kaka. Ƙasar bola kuwa da mutane ke kwasa saboda baƙa ce, ni bana sa ta a abinda zan ci, matattun batura da tarkacen asibiti duk a can suke ƙarewa.

Wajen da yake ƙasa kayi fangali, faɗin mita ɗaya don hannunka ya kai tsakiya ba sai ka taka ba, tsawon mita uku, ka ɗaga gefensa kamar yadda kake gani muna yi don ruwa ya zauna ciki. Bokiti biyu zuwa uku na nunannen taki ka cakuɗa da ƙasar sama. Wajen simintin kuma nan buhunan zasu yi amfani, kashi biyu ƙasa kashi ɗaya taki, ka naɗe bakin buhun ya dawo rabi, ka huda gindinsa wuri biyar-shida da ƙusa mai zafi. Kada ka ɗora su kai tsaye a kan simintin, da azahar tanda yake zama, saiwa zata dahu a ciki, sa bulo ko katako a ƙasa. Sannan ka tsaya rana ɗaya ka kalli inda inuwar katanga ke faɗawa, ranar safe zuwa azahar muke so, kamar awa shida, ta la'asar ɗin nan mai duka daga yamma kuma in da hali a tare ta da zana ko 'yar rumfar kara.

Yanzu ruwa, wanda baka ambata ba ko sau ɗaya a saƙonka, alhali shine zai yanke hukuncin girman lambun ba filin ba. A bazara kowace murabba'in mita tana shan lita shida zuwa takwas a rana, kaga fangali ɗaya mai mita uku jarka guda ce mai lita 25 kullum, ba Juma'a ba Lahadi. Zauna kayi lissafi da kuɗin mai ruwa na unguwarku, in famfonku irin namu ne da sai ya ga dama. In jarka biyu zaka iya, to fangali ɗaya da buhu biyar-shida, shikenan, kar ka ƙara. Ruwan alwala a tara a baho, ruwan wanke shinkafa da na wanke ganye duk suna yi, amma ruwan omo da na bilic a'a. Ban ruwa da sassafe, in ƙasar ta bushe a ƙara bayan la'asar, kuma a ƙoshi ake bayarwa ba yayyafi ba, don yayyafin sama-sama saiwa yake koya wa zama a sama inda zafi yake. Tura yatsa gaɓa biyu, in da danshi ka bar shi. Da tsiro ya ɗan tasa ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa a gindi, zaka ga bambanci a jarkarka.

Shukar alayyahu kuwa, irin ƙanana ne baƙaƙe masu sheƙi, in ka watsa shi haka nan tsibi zai faɗi wuri ɗaya. Cokalin shayi ɗaya ya ishi fangalin nan, ka cakuɗa shi da busasshen yashi cikin gwangwanin madara biyu, ka jiƙa fangalin tun daren jiya, da safe ka ja layi da yatsa marar zurfi, tazarar kamu ɗaya tsakanin layi da layi, ka barbaɗa, ka shafa ƙasa a kai da tafin hannu kawai. Kar ka binne shi, wanda ya nutse ba zai fito ba. Rufe da ciyawa sama-sama, ruwa kuma ta gwangwani mai huji-huji ko butar ban ruwa, in ka kwara da bokiti duk irin zai taru a kusurwa ɗaya. Kwana uku zuwa biyar zaka ga wasu jajayen zarurruka sun leƙo, ranar ka ɗage ciyawar, in ka bari zasu yi tsawo su yi fari su kwanta. Bayan sati biyu ka rage cunkoso, a bar kamar faɗin yatsu huɗu tsakani, na san zaka ji tausayin cirewa, cire, wanda ka cire ma miya ne. Sati huɗu zuwa biyar ka fara yanka da wuƙa ka bar kututture mai ganye uku-huɗu, zai sake tohowa ka yanka sau biyu ko uku kafin ya fitar da kai. In bayan yankan farko ka ga ganyen ya koma ruwan ɗorawa, narka takin zamani na yuriya cokalin cin abinci ɗaya a bokiti ka zuba a gindi da yamma, ka bi da ruwa zalla, kada ya zauna kan ganye.

Kuɓewa ta fi sauƙi. Jiƙa irin ya kwana, wanda ya taso sama ka zubar, ka sa ƙwaya uku a rami zurfin gaɓar yatsa, in sun fito ka bar ɗaya mai ƙarfi, buhu ɗaya gindi ɗaya ko biyu. Wajen sati shida zuwa bakwai zata yi fure, bayan kwana huɗu-biyar ɗan ya isa tsinka, daga nan duk bayan kwana biyu sai ka zaga da wuƙa, gwajin shine ka karya tsinin, in ya karye ƙas to ɗanya ce, in ya lanƙwashe ta wuce sai dai a busar a daka. Wadda ka bari ta tsufa a jiki kuma tana hana uwar sake haihuwa.

Abokan gabarka na farko ba ƙwari bane, kajin Hajiya ne da akuyar maƙwabta da ƙadangaru, a bazara ba wani kore a unguwa sai naka, kowa zai zo. Shinge kafin shuka, ko da darni ne, tsohon gidan sauro kuma ka rufe fangalin dashi sati biyun farko. In ƙwari sun zo, ka juya bayan ganye zaka gansu a manne, daka 'ya'yan darbejiya cikin hannu biyu zuwa uku ka jiƙa a ƙaramin bokiti su kwana, ka tace da tsumma, ka ɗan goga sabulu a ciki don ya kama ganye, ka fesa da yamma duk sati. Toka ma a barbaɗa da safe tana rage masu huda ganyen kuɓewa. Fiya-fiya kuwa wallahi kada in ji ka kai ta kusa da ganyen da yara zasu ci bayan kwana uku.

Ruwan farko zai iya sauka a Mayu, kar ya ruɗe ka ka daina ban ruwa, sau da yawa sai ya ɗauke sati biyu ko fiye, damina bata zama sosai a nan sai cikin Yuni. In ta zauna kuma fangalin nan mai rami da ya taimake ka yanzu shi zai kashe maka shuka, ruwa zai kwanta saiwa ta ruɓe, sai ka fasa gefensa ka ja ƙasar ta zama tudu, ka duba kuma inda indararon ɗakin Hajiya yake zuba kar ya zama kan alayyahun ne, buhunan ma ka ƙara musu huji. Lokacin ne zaka sa rama da yakuwa da lalo a bakin katanga, su basa neman komai a wurinka sai cire ciyawa.

Ranar Asabar in zaka fito ka taho da gwangwani biyu, akwai irin alayyahu da na kuɓewa 'yar gida da na ajiye, ka kuma ɗebo min ƙasar bayan ɗakin cikin leda, daga zurfin kamu ɗaya ba ta sama ba, in murza in gani ko sai mun nemo yashi. Ka gaida Hajiya.