Zan iya tambayar ɗan takara inda ya samo kuɗin kamfen a bainar jama'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne daga Anguwar Rogo a Jos. Ƙungiyarmu ta unguwa ta gayyaci wani mai neman kujerar majalisar wakilai domin ya zo ya gana da jama'a. Ina so in tambaye shi wa ke ba shi kuɗin da yake kashewa, domin motoci da fosta da shinkafar da ake rabawa sun fi ƙarfin abin da muka san shi da shi. Amma wani dattijo ya ce min wannan rashin kunya ce, kuma za a iya kama ni. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi tambayarka. Babu dokar da ta hana, sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya ba ka 'yancin faɗin ra'ayi da neman bayani. Shi kuwa dattijon, ina jin tsoro yake ji maka, kuma tsoronsa yana da tushe, sai dai ba a tambayar hatsarin yake ba, a yadda aka yi ta ne. In ka miƙe ka ce "kuɗin sata kake rabawa", ka yi zargi, ana iya maka ka a kotu kan ɓata suna, kafin nan ma 'yan bangarsa sun ƙwace makirufo. In ka ce "wa ya ba ka?", ka nemi abin da doka da kanta ta ce a bayyana.

Ka tafi da alƙaluma a kanka. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ƙayyade a sashe na 88 cewa mai neman shugabancin ƙasa kada ya kashe fiye da naira biliyan 5, gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70, ɗan majalisar jiha miliyan 30. Ta kuma hana mutum ɗaya ba ɗan takara gudummawar da ta haura miliyan 50. Waɗannan lambobi suna iya sauyawa idan majalisa ta taɓa dokar, a ta 2010 biliyan 1 ne kacal na shugaban ƙasa, saboda haka ka duba wadda ke aiki a ranar taronku. Akwai kuma kuɗin da aka haramta ɗungurungum. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana kamfani ba jam'iyya gudummawa. Sashe na 225 na tsarin mulki ya ce kuɗin da aka aiko wa jam'iyya daga ƙasar waje a miƙa shi ga hukumar zaɓe ta INEC cikin kwana 21. Jam'iyya kuma ba ta da hurumin karɓar kuɗin da ba a san mai shi ba.

To ga inda gizo ke saƙa. Dokar zaɓe ta 2022 ta ɗora wa jam'iyya ne nauyin kai rahoto ga INEC: na gudummawar da ta karɓa cikin wata 3 bayan sanar da sakamako, na abin da ta kashe cikin wata 6 bayan zaɓe. Alhali kowa a Jos ya san ba ta asusun jam'iyya kuɗin ke bi ba. Daga hannun ubangida yake fitowa zuwa aljihun ɗan takara, a jakunkuna, da dare, ba rasit. Fom kaɗai a 2022 APC ta sayar da na shugaban ƙasa miliyan 100, PDP miliyan 40, ba a zo maganar deliget ba tukuna. Hukuncin wanda ya wuce iyakar kashe kuɗi kuma, a dokar ta 2022, tara ce ta kashi 1 cikin 100 na adadin da aka ƙayyade, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko duka biyun. Ka lissafa da kanka: ga mai neman majalisar wakilai naira 700,000 ke nan kacal. Wannan ne ya sa nake ɗaukar tambayar da talaka zai yi a gaban jama'a da matuƙar muhimmanci. Sau da yawa ita kaɗai ce binciken da ɗan takara zai taɓa fuskanta. Kuma amsarta ta shafe ka kai tsaye, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗan kwangilar da ya zuba miliyoyi a kamfen shi za a ba aikin mazaɓa, in ya yi rijiyar burtsatse ta ƙafe cikin wata biyu, ba mai iya ce masa uffan.

Yanzu yadda za ka yi ta. Ka rubuta a takarda, kada ta wuce jimla uku, domin mai doguwar shimfiɗa shi ake katsewa. Ka yi sallama, ka faɗi unguwarku, ka girmama shi yadda ya kamata, sannan ka ce: "Ranka ya daɗe, nawa ka kashe zuwa yau? Su wane ne mutum uku da suka fi ba ka gudummawa, kuma akwai mai kwangila da gwamnati a cikinsu? Za ka yarda ka wallafa sunayensu kafin ranar zaɓe?" Ta ƙarshen ita ce mai ƙarfi, don amsarta e ce ko a'a.

Na san abin da zai ce. "'Yan'uwa da abokan arziki ne suka taimaka." Ko ya ce guminsa ne, ko ya juya maganar ya ce abokan hamayya ne suka turo ka. Kada ka yi gardama, kada ka ɗaga murya. Ka ce, "Mun gode ranka ya daɗe, abokan arzikin nan suna da suna?" Sai ka zauna. Mutanen da ke wurin ba kurame ba ne. In ya ce dukiyarsa ce, ka tuna masa cewa marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana kadarorinsa ga jama'a a 2007 ba tare da doka ta tilasta masa ba, ka tambaye shi ko zai yi haka.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai, saboda Jos ce: kada ka bari a mayar da tambayarka ta addini ko ƙabila. Maganinsa shi ne ƙungiyarku ta yi wa duk ɗan takarar da ya zo wannan tambaya, kalma da kalma, har wanda kuke so, har ɗan unguwarku. In kun tambayi ɗaya kun ƙyale ɗaya, kun zama sojojin baka.

Ka sanar da shugaban taro tun kafin a fara, in da hali ma dattijon nan ya zauna kusa da kai. Kada ka je kai kaɗai, kuma wani daga cikinku ya ɗauki amsar da waya, ku ajiye ta yadda take ba yanke-yanke. In an ba da kuɗin mota a ƙarshe, kai dai ka bar shi. Bayan zaɓe kuna iya rubuta wa ofishin INEC na jihar Filato ku nemi kwafin rahoton kuɗin jam'iyyarsa a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ku kai wasiƙar da hannu, ku sa a buga muku hatimi da kwanan wata a kwafinku.