Kwamfuta ta ƙi tashi: a yi fomatin ko a sauya diski?

Tambaya: Ina da shagon buga takardu a Birnin Kebbi. An ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, tun daga nan kwamfutar ta ƙi shiga Windows, sai ta nuna shuɗin allo ta sake kunna kanta. Mai gyara ya ce a yi mata fomatin kawai. Furojet ɗin ɗalibai da katunan bikin mutane duk suna ciki. In yarda?

Amsa: Malam, dakata tukuna. Fomatin, wato goge duk abin da ke kan diski, shi ne mafi sauƙi ga mai gyara, amma kai za ka tsaya gaban ɗalibin da aikinsa ya salwanta. Idan wuta ta yanke kwamfuta na cikin rubutu a kan diski, sau da yawa tsarin fayil ne ke hargitsewa, ko kuma 'yan fayilolin da Windows ke tashi da su. Takardunka na nan inda ka bar su.

Fara da kunne. Kunna ta ka kara kunnenka jikin akwatin. In ka ji diskin yana ƙas-ƙas-ƙas, ko yana tashi yana mutuwa, kashe ta nan take, domin allurar da ke karatu a ciki ce ta samu matsala, kuma duk kunnawar da ka ƙara, ƙara ɓarna ce. Wannan aikin masu ceto bayanai ne, kuma suna da tsada.

In babu wannan ƙara, a ciro diskin a haɗa shi da wata kwamfuta ta wayar SATA (wayar jona diski) mai kan USB, a kwashe fayilolinka kaf. Ka zauna a yi a gabanka, ka buɗe biyu ko uku ka tabbatar suna buɗuwa. Sannan a duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo, manhaja ce ta kyauta. In ta nuna "Good", alama ce diskin zai ci gaba da aiki. In "Caution" ce mai launin rawaya, ko "Bad" ja, ya gama yayinsa.

Sai bayan nan a mayar da diskin a zo gyara. A ɗora Windows a filas mai aƙalla 8GB, a tashi kwamfutar da shi, a zaɓi "Repair your computer", a gwada Startup Repair. In bai yi ba, a shiga Command Prompt a rubuta chkdsk C: /f, umarnin da ke gyara tsarin fayil, amma a lura, a wannan wurin harafin diskin kan koma D. Wasu masu gyara na gaggawar sa /r, wanda ke bin diski lungu-lungu na tsawon sa'o'i. Diskin da ke gargara, wannan wahalar kaɗai na iya ƙarasa shi. Fomatin ya zama na ƙarshe.

Kuma don Allah ka sayi UPS, na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Mintunan da zai ba ka ka adana aiki ka kashe kwamfuta sun fi ƙarfin kuɗinsa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Gusau. Laftof ɗina na rubuta "No bootable device". An ce diskin ya mutu, in zaɓa tsakanin na hannu mai 500GB da sabon SSD mai 256GB. Wanne ya fi?

Amsa: 'Yar'uwa, kafin ki fitar da kuɗi, a cire diskin a mayar da shi da kyau, a duba ko BIOS, manhajar da ke fara tada kwamfuta kafin Windows, na ganinsa. Laftof ɗin da ke shan jijjiga a jaka bisa kabu-kabu, wani lokacin diskin ne kawai ya goce daga mazauninsa.

In ya tabbata ya mutu, ɗauki SSD, wato diski na zamani. Ba shi da abin da ke juyawa a ciki, don haka ya fi jure girgiza, kuma za ki ga bambanci tun daga saurin tashi. 256GB ya ishi karatu, in dai ba fina-finai za ki tara ba. Diskin hannu ba ki san wahalar da ya sha ba. In dole sai shi, a nuna miki "Power On Hours" a CrystalDiskInfo ki ga sa'o'in da ya riga ya yi aiki.

A buɗe laftof ɗin kafin saye, saboda wani SATA mai inci 2.5 yake ɗauka, wani kuma M.2, ɗan siriri kamar rula. Ki karɓi rasit mai ɗauke da sharaɗin mayarwa, don jabu sun yi yawa. Game da tsohon diskin, kada ki bar shi a shago. In an haɗa shi da wata kwamfuta ya nemi makullin BitLocker, tsarin Windows da ke kulle diski, lamba ce mai alƙaluma 48, yawanci tana ajiye a asusun Microsoft ɗin da kika shiga da shi. Tunda za a ɗora sabon Windows, ki sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka in na'urarki na ɗaukar Windows 11, shi za a sa. SSD kan mutu ba sallama, sai ki riƙa ajiye kwafin furojet ɗinki a Google Drive ko filas duk mako.